Zare Goma Sha Shida a Birmingham

Gashi na fara gani. Sati na uku ke nan da kawo ni Manchester ina amarya, ina rataye kwat ɗin Dakta a bayan ƙofa, sai hasken taga ya faɗa kan wani siririn abu mai ƙyalli a kafaɗar rigar. Fari ne, dogo, ya fi gashin kaina siranta. Ni da na tashi a kan littattafan soyayya na haya a Kano, na san abin da farin gashi a kafaɗar miji yake nufi a ƙasar Turawa. Na shige ɗaki na kwanta rub da ciki, na yi kuka irin wanda ya kamata. Kwana biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Da ya gano dalilin, dariya ya yi har da zama a ƙasa.

"Waya ce, Jidda. Ƙarfe ne. Da ita nake ciyar da ke."

Ya ce a wurin aikinsa a Birmingham akwai wani inji da ya cika ɗaki guda. Yana tara wutar lantarki a hankali kamar mai tara ruwa a tanki, sannan ya sake ta gaba ɗaya cikin ɗan lokacin da ƙiftawar ido ta yi masa tsawo. Wutar tana bi ta cikin irin waɗannan zaruruwan, su zama wani turiri mai azabar zafi da ake kira filasma, ƙarfin maganaɗisun da wutar ta haifar ya matse shi ya cilla shi sama. "Haka jaririn tauraro yake yi a sararin samaniya," in ji shi. "Tunda ba za mu iya zuwa can ba, sai mu yi ƙaraminsa a tukunya mu ɗauki hoto."

Ya yi bayani mai tsawo a ranar, amma ni tauraron kaɗai na ji. Ya yi alkawari zai kai ni in gani. Shekara shida yana tafiya Litinin ya dawo Alhamis, kullum maganar sai wani watan. A watan Nuwamba ya kwanta ciwon kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, Aliyu, ɗalibinsa da ke karatun digiri na uku a hannunsa, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Anti, akwai aikin ƙarshe da Malam ya ɗaura da hannunsa. Mun rufe shi. Ba wanda zai taɓa sai kin fita takaba kin zo." Da wannan maganar na yi wata huɗu da kwana goma ina kallon bas-bas na wucewa a titin Stockport. Abin da na fahimta shi ne an ajiye mini gado, in zo in ɗauka. Wannan shi ne labarin zuwan nawa, ga 'yan uwa na gida da suka yi ta tambaya.

Talata: daga Longsight zuwa Lozells

Na idar da sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi na kulle ƙofar gidana a Longsight, unguwarmu a Manchester. Gari da sauran duhu, ana yayyafi irin nasu wanda ba ya jiƙa ƙasa sai mutum. Kwana uku ke nan da fitata takaba, an yi mini kitso, na sa kwalli karo na farko. Anti Binta tana jirana a bakin titi cikin tasi. Ma'aikaciyar jinya ce da ke zaune a Gorton, ita ce ta riƙe ni tamkar uwa tun zuwana ƙasar nan.

"Na yi swapping ɗin shift ɗina saboda ke, kin tsaya kina kwalliya. Mene ne wannan kika rungumo kamar jariri?"

Akwatin sarƙar lefena ne mai jan ƙyalle a ciki. Na kwashe gwal ɗin, na shimfiɗa auduga. Na gaya mata a nan zan sako aikin Dakta. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce wa direba mu tafi.

Babbar bas ta tashi daga tsakiyar gari ƙarfe shida da kwata. Tikitin kowa fam goma sha ɗaya. Tsakanin garuruwan biyu mil tamanin da 'yan kai ne, hanya ɗoɗar, ba shinge ba mai tsayar da kai. Na zauna jikin taga. Wannan ce hanyar da ya bi shekara shida, ni kuwa ban taɓa ganinta ba. Duk gonar da muka wuce sai in ce ya ga wannan, duk tumakin da ke kwance a ciyawa sai in ce wataƙila ya ga uwarsu. Anti Binta ta buɗe leda ta miƙo mini ƙosan da ta soya tun kafin asuba.

"Ci. Kallon tumaki ba ya cika ciki."

Ƙarfe bakwai da rabi muka tsaya a Stoke minti goma, wasu suka sauka, wasu suka hau. Na sayi shayi fam uku, ruwan zafi ne kawai da aka nuna wa ganye. Daga nan cunkoso ya kama mu, muka yi ta jan ciki, ba mu shiga Birmingham ba sai tara da minti ashirin. Abin da ya fara tarbarmu gadoji ne bisa gadoji sun sarƙe kamar kitson da aka fasa.

Aliyu ya zo tarbarmu a tashar Digbeth. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya karɓi jakunkuna, amma akwatin na ƙi ba shi. Muka hau bas ɗin cikin gari, minti ashirin da biyar muka sauka a Lozells, unguwa ce ta gidajen jan bulo manne da juna, da ƙananan kantuna, ƙamshin kayan yaji yana fitowa ta kowace ƙofa. Shi da matarsa Ruƙayya suna zaune a saman wani kantin yadi. Suka bar mana ɗakinsu, shi ya ce zai kwana wurin abokinsa. Ya ci abinci a tsaye ya koma aiki.

Ruƙayya yarinya ce mai fara'a, bakinta ba ya riƙe magana. Da la'asar tana tuƙa mana tuwon shinkafa, ina yanka mata alayyahu, ta ga akwatin a kan kujera ta tambaya. Na gaya mata. Muciyar ta tsaya a hannunta.

"Anti, tafiya za ki yi da shi?"

"To me zan yi da shi?"

"Ai na ɗauka zuwa kika yi a buga a gabanki." Ta rufe baki da hannu. "Wayyo, ya ce kada in faɗa."

Anti Binta ta ce, "Tunda kin fara, ƙarasa. Tuwon ba zai gudu ba."

Ta ƙarasa. Ranar Juma'ar nan za a fara kwance injin, an gama da shi, kuɗin aikin ya ƙare. Aliyu kuma saura babi ɗaya ya kammala karatunsa, babin kuwa yana jiran hoton wannan bugun. Dakta ya ɗaura zaren ne a karkace, a murɗe, ta wata hanya da ya ƙirƙiro, don tauraron ya fito yana juyawa. Aliyu ya gwada ɗaura irinsa sau uku, duk bai fito daidai ba. Idan an buga kuma, zaren ƙonewa yake yi ƙurmus, ba a tsintar komai. Idan ba a buga ba, Aliyu zai koma gida a watan Yuni hannu rabbana, bayan shekara huɗu.

"Tun Disamba shugabansu yake cewa a buga," in ji ta. "Shi kuma ya ce amana ce, matar Malam tana takaba. Baba Ron, mai kula da injin, ya goya masa baya."

Na tuna Dakta ya taɓa gaya mini cewa zaren ƙonewa yake yi. Ya faɗa tun ranar farko. Ni ce ban ajiye wannan ɓangaren ba, don a littattafan da na karanta, abin da masoyi ya bari ana ajiye shi ne a ƙarƙashin matashi har tsufa. Tuwon ya yi daɗi, in ji Anti Binta. Ni loma uku na iya.

Laraba: ɗakin injin

Muka fita ƙarfe bakwai da rabi, tasi ya kai mu cikin rabin awa. Na sha zana wurin nan a raina, da rufin gilashi da fitilu shuɗaye. Sai ga wani tsohon gini mai kama da sito a bayan makarantar, kusa da inda ake tara shara. A ƙofa mai gadi ya duba katinmu, ya rataya mana shaidar baƙi, ya ba mu takarda mu cike. Tambaya ta uku ita ce ko akwai na'urar bugun zuciya a jikina. Ta huɗu, ko ina da juna biyu. Na sa a'a, kamar yadda na saba sawa a kowace takarda shekara shida.

Muka sauka matakala ashirin da biyu, na ƙirga. Warin mai da ƙarfe ya tare mu. Injin manyan tankuna ne masu launin toka, bututai masu kauri sun fito daga jikinsu sun haɗu a tsakiya, inda wata tukunyar ƙarfe take zaune da 'yan tagogi kewaye da ita. Wani tsohon Bature gajere mai farin gemu ya goge hannu a riga ya nufo mu. Shi ne Baba Ron, makanikin injin tun ranar da aka kafa shi. Bai miƙo mini hannu ba, ƙirjinsa ya dafa, na san wanda ya koya masa. Ya yi magana da Turancinsu na Birmingham da sai an kasa kunne.

"Ke ce Jidda. Shekara shida ina cin yajin da kike ƙunso masa. Sai ya ce mini ba zafi, maƙaryacin banza." Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana neman wani abu a kan tebur da babu shi.

Suka kai mu wani ɗan ɗaki. A kan kanta akwai murfin gilashi, an manna takarda da rubutun Aliyu, Hausa da Turanci: kada a taɓa. Baba Ron ya ɗaga murfin a hankali. Faifan ƙarfe ne mai faɗin farantin tuwo, mai nauyi, da wasu zobba biyu, ƙarami a ƙasa, babba a sama. Tsakaninsu ban ga komai ba. Sai ya kashe fitilar sama ya haska tocila daga gefe.

Suka bayyana. Zaruruwa sirara suna tashi daga ƙaramin zoben zuwa babban, kowanne ya ɗan karkata, sun murɗa tare kamar mata sun juya a rawa. A ƙarshen kowanne an ɗaura ɗan ƙaramin dalma don ya miƙe. Na matsa kusa ina riƙe numfashi. Na gane ƙullin. Irin ƙullin da yake yi wa bakin ledar burodi ne, sau biyu sannan ya ja gefe, wanda kullum nake masa mitar ba ya kwantuwa.

Ko faifan kaɗai ba zai shiga akwatina ba. Anti Binta ta ga haka, ta kawar da kai, kuma na gode mata.

Aliyu yana tsaye a bayana, kansa a ƙasa. Ya ce, "Anti, naki ne. Baba Ron ya yi masa akwatin katako, in kin riƙe shi a cinya zai kai Manchester lafiya."

"Kai kuma fa?"

"Ni ba komai. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

"Ruƙayya ta gaya mini."

Ya ce, "Ita dai bakinta."

Na tsaya ina kallon ƙullin nan. Ba zan yi ƙarya ba, so nake in ɗauka. Rigunansa an rabar, ƙamshin turarensa ya bar matashi tun wata na biyu, wannan ne kaɗai abin da ya rage a duniya yadda yatsunsa suka bar shi. Na hango shi a kan kabad ɗina, ina haska masa tocila duk lokacin da kewa ta taso. Sai kuma na tuna mutumin da kansa. Mako uku ya yi yana dawowa da ciwon wuya a kan abin nan, ina dama masa kunu yana ce mini wannan karon zai juya, Jidda, za ki gani. Bai ɗaura shi don kabad ba.

Na tambayi Baba Ron ƙarfe nawa ake bugawa. Ya dubi Aliyu, ya dube ni, ya ce in an sa shi yanzu, sai an zuƙe iskar tukunyar tukuna, wajen ƙarfe uku.

"To ku sa."

Da ya sake haskawa yana ƙirgawa, sai ya tsaya. Goma sha biyar ne a tsaye. Na goma sha shida ya tsinke, yana kwance a kan faifan, wata huɗu ya yi masa yawa. Baba Ron ya nuna hannuwansa da ke ɗan rawa ya ce shi kam ya wuce wannan. Ya miƙa wa Aliyu ɗan hantsaki. Aliyu ya karɓa, ya tsaya yana kallon faifan, ya kasa taɓawa.

Na ce, "Zare ɗaya ne, Aliyu. Ga goma sha biyar suna nuna maka hanya. Yi bismilla."

Anti Binta ta ce, "In ka tsinka sauran, allura zan yi maka a nan."

Ya yi 'yar dariya, ya duƙa kan aikin. Minti arba'in ya ɗauka. Baba Ron ya ɗauke tsinkakken, ya manna shi a baƙin kati ya ba ni.

Muka yi azahar a wani lungu inda Dakta yake salla, dardumarsa tana nan a naɗe a bayan kabad. Muka ci biredi da kifin gwangwani, famfon zuƙe iska yana ta gurnani. Ƙarfe uku saura kwata Baba Ron ya zagaya ɗakin injin yana leƙa kowane saƙo, ya fito ya kulle ƙofar ƙarfe, ya zare mukullin ya sa a jikin teburin sarrafawa, don injin ba ya tashi sai da shi. Muna bayan bango mai kauri, ba taga. Na tambaya ta ina zan gani.

"Ba a gani, Anti," in ji Aliyu. "Ba wanda ya taɓa gani. Ko Malam."

Shekara shida ina jiran haske. Har kwalli na sa masa.

Jiniya ta yi kuka. Lambobi suka fara hawa a allo, Aliyu yana karantawa da ƙarfi, injin yana cika. Baba Ron ya ɗaga murfin wani jan maɓalli, ya ja da baya, ya nuna mini. Na sa yatsa. Na ce a raina, Dakta, ga shi na zo. Da Aliyu ya ce yanzu, na danna.

Dum. Kamar maƙwabci ya buga ƙofa da fushi. Na ji shi a tafin ƙafata, shi ke nan.

Aliyu ya duƙa kan kwamfuta, hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, baƙi da toka-toka, dishi-dishi. A na uku sai ga wani siririn abu fari ya taso daga duhu, ya miƙe sama, jikinsa a murɗe. Aliyu ya zame daga kujera ya kai goshi ƙasa. Baba Ron yana ta faɗin, "Ya juya, ɗan banza, ya juya," yana share ido da hular kansa.

Ni kuwa na ƙura wa hoton ido. Na san irinsa. Irin wanda matan Longsight suke fitarwa daga jaka a gidan suna ne, in sun dawo daga awo, a yi ta miƙa wa juna ana neman inda kai yake. Ban faɗa wa kowa ba. Anti Binta ta kama hannuna ta matse, aikinta ne, ta fi ni sanin kamarsa.

Bayan awa guda Baba Ron ya shiga da wata sanda mai ƙugiya, ya taɓa nan ya taɓa can don sauran wuta ta sauka, sannan ya buɗe tukunyar ya kira ni. Zobban sun yi baƙi, sun lanƙwashe. Ba zare, ba ƙulli. Sai wari kamar na ashana.

Alhamis: komawa

A jirgin ƙasa muka dawo, Anti Binta ta ce bayanta ba zai sake ɗaukar bas ba. Ya tashi daga New Street ƙarfe goma da minti ɗaya, ta Wolverhampton da Stafford da Stoke, muka sauka Piccadilly sha biyu saura kwata. Ruƙayya ta ƙunso mana dambun nama, tana ta ba ni haƙuri a kan bakinta, na ce bakin nan ya yi aikin lada. Duk hanya akwatin yana cinyata, baƙin katin ya shige shi daidai. Ƙarfe sha biyu da rabi na buɗe ƙofata a Longsight. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Anti Binta, da Aliyu da iyalinsa, da tsohon da ya tsare murfin gilashi wata huɗu saboda al'adar da ba tasa ba. Zaren yana nan. In na buɗe akwatin ba na ganin komai sai na kai shi jikin taga na karkata.

Aliyu ya kammala, sunan Dakta ne a gaba a takardar da suka fitar. Ya koma gida a watan Yunin. Bayan shekara bakwai na je Najeriya, na biya ta garin da yake koyarwa. Ya yi furfura a gemu. Tun daga ranar nan bai sake taɓa irin wannan injin ba, ɗakin gwajinsu ma sai an tayar da janareta. Ɗalibai ɗari da wani abu yake koya wa da alli. A bangon ofishinsa, sama da kansa, ga hoton na uku a cikin gilashi, rana ta fara cinye shi.

Ya ga ina kallo, ya ce, "Duk ɗalibin da ya shigo sai ya tambaya, Anti. Wai ko hoton awon cikin madam ne."

"Me kake ce musu?"

Ya gyara takardun gabansa, waɗanda ba su buƙatar gyara.

"Ina ce musu na Malamina ne da matarsa."